A Auna Hali Kafin A Ba Da Bindiga

 A wannan mako ina so mu duba wata magana wadda wasu za su ce ba ta mata ba ce, watau yadda ake ɗaukar sababbin 'yan sanda. Ni kuwa na ce tamu ce, domin mu muke haifar ɗan sandan, mu muke aurensa, kuma ranar da ya harbi wani a bisa kuskure mu muke zaman makoki.

Kwanan baya wata maƙwabciyata ta shigo mini da murna, wai ɗanta ya cika takardar neman aikin ɗan sanda. Na san yaron tun yana goye. Ya gagari kowa a unguwa, har ya taɓa fasa wa ƙanwarsa kai a kan canjin aike. Uwar ta ce, "Malama, gara ya tafi can su gyara mini shi." Na rasa amsar da zan ba ta, amma na kwana ina tunani. Yaron da ba za a iya barinsa da muciya ba in ransa ya ɓaci, shi ne za a danƙa wa bindiga?

Mu dubi sharuɗɗan da aka sanya wa masu neman zama kurtu a 'yan shekarun nan. Shekarun haihuwa daga 18 zuwa 25. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, mace mita 1.64. Ƙirjin namiji ya kai santimita 86. A ci darussa 5 a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da Lissafi. An kuma ce mutum ya zama mai lafiyar jiki da ta hankali. To, tsawo da ƙirji suna da tef na awo wanda kowa yake gani. Ra'ayina shi ne, tilas a ba hali irin wannan awon, kuma kada a ba kowa kaki sai gwanayen sanin halayyar ɗan Adam sun bincike shi sun ba shi takardar shaida.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan saurayi ya zo neman 'yarki, ba tsawonsa kike dubawa ba. Akan tura manya su tambayi maƙwabtansa da abokan sana'arsa: yana da zafin zuciya? Yana shaye-shaye? Yaya yake da mahaifiyarsa? Ni ma kafin a ba ni takardar malanta sai da masu dubawa suka zauna a bayan aji suna kallon yadda nake yi da yara. Alli kawai zan riƙe. Ina kuma ga mai riƙe harsashi?

Kada mu manta da watan Oktoba na shekarar 2020, lokacin da matasa suka fito zanga-zanga a kan rundunar SARS. Daga cikin buƙatu 5 da suka gabatar akwai cewa a binciki lafiyar tunanin jami'an rundunar, a sake horar da su kafin a kai su wani aiki. Ranar 11 ga Oktoba Sufeto-Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya rushe rundunar, daga baya kuma ya umarci jami'anta su je hedkwata a Abuja don a gwada lafiyar jikinsu da ta tunaninsu. Madalla da hakan, amma ihu ne bayan hari. Gwajin da aka nema a ƙarshe, tun a bakin ƙofa ya kamata a tsananta shi.

Takardar kuma ba ta da amfani idan ba a karanta ta ba. Ga misali daga Amurka. A shekarar 2012, a wani ƙaramin gari na jihar Ohayo, shugabannin wani sabon ɗan sanda suka rubuta cewa ba ya iya riƙe kansa, har sun gan shi yana kuka hankalinsa a rabe wajen koyon harbi, don haka bai dace da aikin ba. Ya ajiye aiki ya koma birnin Kilibland, aka ɗauke shi ba tare da an buɗe wancan fayil ba. A watan Nuwamba na 2014 ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 da ke wasa da bindigar roba, cikin daƙiƙa biyu da isowar motarsu. Birnin ya biya iyalin diyyar dala miliyan 6 a 2016, aka kori ɗan sandan a 2017. Amma wace uwa ce za ta karɓi kuɗi a madadin ɗanta?

Wata za ta ce, ashe za a mai da 'ya'yanmu mahaukata ke nan? A'a. Gwajin amsa tambayoyi ne a rubuce, sa'an nan a zauna da gwani a yi hira, a kuma bi sawun rayuwar mutum a makaranta da unguwa. Abin da ake nema shi ne a gane yadda yake yi idan ya tsorata ko an zage shi, ko yana jin daɗin wulaƙanta na ƙasa da shi, ko ƙwaya ta kama shi. Wanda bai ci ba yana iya zama gwanin kafinta ko babban ɗan kasuwa. Aikin bindiga ne kawai bai dace da shi ba.

Wata kuma za ta ce mai wayo zai ɓoye halinsa, ko mai uwa a gindin murhu ya sayi takardar. Wannan gaskiya ne, shi ya sa bai kamata masu gwajin su zama a ƙarƙashin masu ɗauka ba. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, ga kuma jami'o'inmu. A ɗauko gwanaye daga can, su aika sakamako kai tsaye ga Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2023 cewa ita ke da ikon ɗaukar kurata.

Kuma gwaji ɗaya bai isa ba. Matan 'yan sanda sun fi kowa sanin yadda mutumin kirki yakan canza bayan ya ga gawar abokinsa a daji, ya dawo bariki ga ƙarancin albashi ga rashin barci. Lalle a riƙa sabunta takardar bayan 'yan shekaru. Wanda aka ga ya jigata a karɓi bindigar, a yi masa magani, kada a kore shi kamar mai laifi. Wannan gata ne ga 'yan sanda nagari, waɗanda baragurbi ke ɓata wa suna.

Iyaye mata, sauran aikin namu ne. Barikin 'yan sanda ba gidan horon kangararru ba ne. Idan ɗanki yana da zafin hannu ko yana shaye-shaye, ki nema masa magani tukuna, kada ki roƙi mai unguwa ko wani babba ya sa hannu a takardar lamuni alhali kin san gaskiya. Ku kuma 'yan makaranta, ku sani ana karanta ilmin halayyar ɗan Adam a jami'a, kuma ƙasar nan tana bukatar mata a wannan fanni. Ku dage.

Na koma wurin maƙwabciyata na gaya mata abin da ke raina. Ta yi fushi kwana biyu, a na uku ta aiko a tambaye ni hanyar asibiti. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mako mai zuwa.