Hattara da Ɗora Maganin Barci a Kan Maganin Hawan Jini



Tun da fitinar 'yan bindiga ta kunno kai a Zamfara wajajen 2011, barci ya yi wuya a garuruwa irin su Dauran, Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda. Wanda yake kwana yana kasa kunne ga ƙarar babura, ba za a zarge shi ba idan ya nemi abin da zai sa ya runtsa. Sai dai idan mai neman ƙwayar barci a kemis yana shan maganin hawan jini, to akwai abin dubawa.

Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, idan ya haɗu da maganin hawan jini, jinin kan iya sauka fiye da kima lokacin da mutum ya miƙe tsaye. Dattijo ya tashi alwalar asuba, jiri ya kwashe shi, ya faɗi ya karye. Aldomet da kansa yana sa gyangyaɗi, ina ga an ƙara masa Piriton? Melatonin ma, da ake tallatawa a matsayin marar illa, wani bincike da aka yi a Italiya a 2000 ya nuna ya ɗaga jinin masu shan nifedipine. Ga kuma abin da mutanen yankinmu suka fi kowa sani: wanda ƙwaya ta danne ba ya iya tashi ya tsere idan dare ya ɓaci.

Wani lokaci maganin hawan jinin ne ke hana barcin. Moduretic idan aka sha shi da dare yakan tashi mutum fitsari, propranolol kuwa yakan kawo munanan mafarkai. Gyaran wannan shi ne likita ya sauya lokacin sha ko ya sauya maganin.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kada ka daina maganin hawan jininka, kada kuma ka ƙara masa wani da ka. Zuba duk abin da kake sha a leda, har da jiƙo da garin magani, ka kai babban asibitin garinku a duba. Kai kuma mai kemis, ka ji tsoron Allah, ka tambayi mai saye abin da yake sha kafin ka miƙa masa. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.