Jami'o'in Ƙetare Masu Sauƙin Shiga: A Bi A Hankali

Ba mu ga laifin uban da ɗansa ya ci jarrabawar JAMB sau biyu bai samu gurbi ba, ya shiga nema masa mafita a ƙetare. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne yadda iyaye, har da 'yan boko, suka mai da sauƙin shiga ma'aunin zaɓen jami'a, dillalai kuwa na cin kasuwarsu.

A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya leƙa aji ba, har aka ɗauke shi bautar ƙasa da takardar. Cikin Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, matakin da ya rutsa har da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Ɗalibin likitanci ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin duk inda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin ya taɓa majiyyaci a Nijeriya.

Muna kira ga gwamnatocin jihohin da ke tura ɗalibai waje da kuɗin jama'a su binciki matsayin kowace jami'a kafin su biya ko kwabo. Ita kuma ma'aikatar ta riƙa buga sunayen jami'o'in da ta amince da su a jaridu, har da na Hausa, kafin lokacin neman gurbi.