Iyaye, Littafin Ces Ba Maganin Lissafi Ba Ne

Tun da Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, ya shafe awa 60 yana buga wasan ces, wani ra'ayi ya samu gindin zama a zukatan iyaye masu 'ya'ya a boko, har a cikin ganuwar Zazzau. Wai ces yana buɗe ƙwaƙwalwa, yaron da ya iya shi lissafi zai zame masa ruwan sha. Saboda haka uba nagari sai ya nemo wa ɗansa littafin ces, kuma iya kaurin littafin da girman sunan marubucinsa, iya amfanin da za a samu. Wasu makarantun kuɗi ma sun gane lagon iyaye, sun sa ces cikin kayan tallarsu, kusa da ɗakin kwamfuta da motar ɗaukar yara.

Rabin farko na wannan ra'ayi ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja. Rabi na biyu kuwa cutar yaro yake yi.

Maganar lissafin an gwada ta, kuma ba ƙaramin gwaji ba. A Ingila, gidauniyar Education Endowment Foundation ta ɗauki makarantun firamare 100 masu yara kusan 4,000 'yan shekara tara zuwa goma, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya aka koya musu ces na awa 30, ɗaya gidan aka bar su da karatunsu na yau da kullum. Bayan shekara guda aka duba sakamakon jarrabawar gama firamare. Rahoton da ya fito a 2016 bai ga wani bambanci a lissafi ba. Fernand Gobet, masanin halayyar ɗan Adam wanda shi kansa gwanin ces ne mai lambar girma ta duniya, ya yi nasa gwajin tare da Giovanni Sala, suka wallafa a 2017. Sun kwatanta yaran da aka koya wa ces da waɗanda aka koya wa wani wasan allo dabam, nan ma ba su ga fifikon da ake ta yayatawa ba. Wanda ya dage da ces, ces zai iya. Mai son ɗansa ya ci lissafi ya saya masa littafin lissafi, ya kuma bi sawun malamin aji.

Kada wani ya ce na hana wasan. Yaro ya zauna shiru rabin awa yana tunani, a cinye shi ya miƙa hannu a gaisa ba kuka ba zagi, ya gane cewa kuskuren nasa ne tunda babu sa'a a wasan, wannan kaɗai ya isa dalili. Dattawan da ke haƙa gidaje 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, suna kafsa dara a inuwa bayan la'asar, ba su taɓa cewa suna yi ne don jarrabawa ba, kuma babu wanda ya raina kaifin tunaninsu. Akwai kuma maganar hukunci, wadda ba a tsallake ta a gari irin namu da ake karanta Risala a zaure. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan wannan wasa, Imamu Shafi'i ya sassauta matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Ni maganata da uban da ya riga ya amince, ya sa hannu a aljihu zai sayi littafi.

To, wane littafi yake sayowa? Ya shiga rumfar littattafai a Sabon Gari ko wajen masu gwanjo a Samaru, idonsa ya faɗa kan mai kauri mai hoton zakara a bango. Ko dai kundin buɗe wasa irin Modern Chess Openings, wanda ya fara fita a 1911 aka yi ta sabunta shi, ko My System na Aron Nimzowitsch na 1925, ko ɗaya daga cikin juzu'i biyar da Garry Kasparov ya rubuta kan zakarun da suka gabace shi. Duk manyan littattafai ne, ba na musu. Amma a Unguwar Juma ko Kona, wa ya taɓa ganin an miƙa wa yaron da bai sauke Ahalari ba Muhtasar, don kawai shi ne babba? Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, a hankali ake hawa, kuma malamin da ya tsallake da ɗalibi mataki shi za a zarga. Mun san wannan tsari tun kaka da kakanni, sai ga shi mun manta da shi da zarar littafin ya zo da Turanci.

Mafi sharri cikinsu ga yaro shi ne littafin buɗe wasa, domin yana yaudara. Yaranmu gwanayen hadda ne, kuma hadda baiwa ce ga nassin da ba ya canzawa. Allon ces kuwa akwai mutum a ɗaya gefen, kuma bai yi alkawarin bin abin da ke shafi na goma ba. Idan kowane ɗan wasa ya yi taku ɗaya, hanyoyin da wasan zai iya bi 400 ne. Idan kowa ya yi taku uku, sun haura miliyan 119. Yaro zai haddace tarkon nan na taku huɗu da ake ƙure sarki da sarauniya, ya cinye ƙannensa da abokan ajinsa, gida ya ɗauka da murna an haifi zakara. Ranar da ya haɗu da wanda ya san yadda ake toshe tarkon, sai ya tsinci sarauniyarsa a tsakiyar fili ana farautarta, shi kuma bai san abin yi ba, don littafin bai koya masa duba allo ba. Daga nan yara da yawa ke ajiye wasan, iyaye su ce ba shi da naci.

Ga kuma Turanci. Ɗan aji huɗu da ke fama da littafin karatunsa na makaranta, an ɗora masa shafi cike da bayanin dabarun tsakiyar allo. Aiki biyu ke nan a lokaci guda, kuma na farkon zai cinye na biyun. Littattafan gwanjo suna da wata matsalar ta daban: tsofaffin bugu na Ingila da Amurka suna rubuta taku da tsohon salo, irin P-K4, wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta daina amfani da shi tun 1981. Yau e4 ake rubutawa. Yaron da ya koyi tsohon sai ya sake koyo kafin ya shiga kowace gasa.

Littafin da ya dace da mai koyo hotunan allo ne suka cika shi, kowane hoto tambaya ce: fari ne da taku, ƙure sarki a taku ɗaya. Amsa tana can baya. Wannan salon ma ba sabo ba ne. Littattafan da Al-Adli da As-Suli suka rubuta a zamanin Abbasiyawa, fiye da shekara dubu da suka wuce, cike suke da irin waɗannan matsaloli da ake jera 'ya'ya a ce mai karatu ya warware. A Holan, Rob Brunia da Cor van Wijgerden sun fito da tsarin koyarwa mataki-mataki a 1987, ƙananan littattafan aiki masu hotuna birjik da rubutu kaɗan. Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne haƙuri: sai yaro ya daɗe yana koyon tafiyar kowane ɗa, da yadda ake ci, da yadda ake karewa, kafin a kai shi ga ƙure sarki. Bobby Fischer Teaches Chess na 1966 shi ma tambaya da amsa ne, kuma ba ya buƙatar a iya rubuta taku, sai dai kusan duka ya ƙare ne a kan ƙure sarki a layin baya, don haka ba ya isa shi kaɗai. José Raúl Capablanca na Kuba, a littafinsa na 1921, shekarar da ya zama zakaran duniya, da allo mai 'ya'ya uku ko huɗu ya fara. Wannan na malami ne ya karanta ya ɗauki darasi.

Kauri ma a kansa ba laifi ba ne. Littafin László Polgár na 1994 ya haura shafi dubu, matsaloli da wasanni 5,334 ne a ciki, 306 daga ciki na taku ɗaya, amma kusan babu jimlar da za a karanta. Kwafi ɗaya ya ishi makaranta guda. Malami ya jera matsala a allo, yara su kewaye, wanda ya gano ya faɗa da Hausa. Shi wannan Polgár 'ya'yansa mata uku ya koya wa a gida a Budapest, ƙaramarsu Judit ta kai matsayin gwanin gwanaye a 1991 tana da shekara 15, ta karya tarihin da Fischer ya kafa. Na kawo ta ne saboda 'yan matanmu na cikin birni, waɗanda ba za su zauna a dandalin dara ba. Allo ɗaya da ɗan littafin tambayoyi suna shiga har tsakar gida, yaya da ƙanwa su yi ta fafatawa.

Wani zai ce ai waya ta wadatar, tunda shafin ces na Lichess kyauta ne kuma matsalolinsa ba su ƙirguwa. Haka ne, ga mai data da caji. Amma a bar yaro da waya a gani, wasan minti ɗaya zai yi ta bugawa, yatsa na gudu kai na hutawa. Takarda ba ta da agogo. Onakoya ɗin da ake kafa hujja da shi ma, a shagon aski a Ikorodu ya fara ganin wasan, wajen kallon masu bugawa, kuma shirinsa na Chess in Slums da ya kafa a 2018 da alluna da masu koyarwa ya shiga unguwannin talakawan Legas.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, irin wannan ɗan littafi bai fi ƙarfin Zariya ba. A garin nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, a Tukur-Tukur aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo baya a 1966. Garin da ya buga wa Arewa littattafan yaƙi da jahilci ba zai gaza shafi 40 na hotunan allo da umarni layi ɗaya da Hausa ba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu buga ces su tsara matsalolin, malaman Hausa na jami'ar su daidaita sunayen 'ya'yan da kalmomin wasan, maɗaba'a ta buga a farashin da mai sayar da kayan miya zai iya biya.

Kafin a kai ga haka, Alhaji, in ka je sayen littafin ka tafi da yaron. Buɗe tsakiya. In shafi biyu suka wuce babu hoton allo, mayar wa mai shago abinsa. In ka ga P-K4, mayar. In akwai hoto da tambaya, miƙa wa yaron, ka ba shi minti goma kana tsaye. Ya warware wasu, wasu suka gagare shi, to wannan ne nasa, biya kuɗin. Sauran canjin kuma ka haɗa ka sayi allo da 'ya'yansa.