KICIN ƊIN MASU KALLO: Ɗan kabejin da yaran Turawa ke gudu

Duk mai kallon finafinan Turawa na lokacin Kirsimeti ya san wannan fitowar. Iyali sun kewaye teburi, ga gasasshen talo-talo, sai uwa ta tura wa yaro faranti da wasu 'yan ƙwallaye kore shar. Nan take yaro zai yamutsa fuska kamar an ɗura masa maɗaci. To, abin da yake gudu shi ne Brussels sprouts, wato ɗan kabejin Burasels.

Sunan ya samo asali ne daga Burasels, babban birnin Beljiyam, inda aka daɗe ana nomansa. Danginsu ɗaya da kabejin da aka sani, sai dai shi a jere yake fitowa a jikin kara guda, kowanne bai fi ƙwan zabuwa girma ba. Sanyi yake so, shi ya sa nomansa ya yi ƙarfi a Holan da Ingila.

Me ya ja masa baƙin jini? Abu biyu ne. Na farko ɗaci. Amma a shekarun 1990 wani masanin kimiyya ɗan Holan, Hans van Doorn, ya gano sinadaran da ke jawo ɗacin, masu samar da iri kuma suka fitar da wanda ɗacinsa ya ragu sosai. Na biyu kuwa laifin mai girki ne. Idan aka bar shi a ruwa yana ta tafasa, sinadarin farar wuta da ke cikinsa sai ya fito, gida ya ɗauki wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Sirrinsa dai wuta mai ƙarfi da ɗan lokaci.

Ga yadda ake yi. A samu rabin kilo, a yanke gindin, a cire ganyen da ya yi rawaya, a wanke, a tsane shi sosai, sannan a raba kowanne gida biyu. A zuba mai cokali biyu a kasko. In ya yi zafi, a kifa su ta ɓangaren da aka yanka. Kada a juya fa! A bar su minti 5 har ƙasansu ya yi ja. Sai a sa tafarnuwa da gishiri da masoro, a yayyafa ruwa cokali uku, a rufe na minti 3. A sauke, a matsa lemon tsami. Mai son yaji ya barbaɗa na tsire, ba a magana! Kafin a gama waƙa biyu a fim ɗin Indiya, an gama. Yana tafiya da shinkafa, da dankali, da gasasshiyar kaza.

Ta fannin lafiya ma ba daga nan ba. Giram 100 na ɗanyensa na ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 85, ya fi na lemon zaƙi. Yana kuma da bitamin K mai yawa, don haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da shi abincin kullum. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, don yakan kumbura ciki.

Wanda bai same shi a kusa ba kuwa, ya sayi kabeji, ya yanka manya-manya, ya bi wannan hanyar. Shi ma ba ya son a daɗe da shi a wuta.