Cohen Bai Rufe Shari'ar Ba

Akwai wata magana da ta kama bakin masu rubuta manhajar kwamfuta da ɗaliban lissafi da suka ɗan leƙa falsafa: wai tambayar Cantor ba ta da amsa, kowa ya ɗauki ƙa'idojin da suka yi masa, kamar yadda muke zaɓen yaren da za mu rubuta manhaja da shi. Ragwanci ne aka sa masa babbar riga, kuma ba mu yarda ba.

Ga tambayar. A 1874 Georg Cantor ya nuna cewa rashin iyaka hawa-hawa ne. Lambobin ƙirga, 1, 2, 3, ba sa ƙarewa, amma ɗigogin da ke kan layi guda sun fi su yawa. Ko yaya ka jera su, sai wasu sun zille. Daga baya ya sa wa matakan sunan harafin farko na Ibraniyanci, ɗan'uwan alif ɗinmu: alif-sifili shi ne yawan lambobin ƙirga, sai alif-ɗaya, sai alif-biyu. To ɗigogin layi a wane mataki suke? Cantor ya yi hasashen alif-ɗaya, wato babu komai a tsakani. A 1900 Hilbert ya sa wannan a farkon jerin matsalolinsa.

A 1938 Kurt Gödel ya nuna ba za a iya ƙaryata hasashen ba da ƙa'idojin ZFC, harsashin da kusan duk lissafin zamani ke tsaye a kai. A 1963 Paul Cohen ya ƙirƙiro dabarar tilastawa: ka ɗauki duniyar lissafi, ka cusa mata sababbin abubuwa, ƙa'idojin ZFC duk suna nan daram, amma hasashen ya rushe. Ke nan ba za a iya tabbatar da shi ba ma.

A nan masu ragwancin suke naɗe tabarma. Amma idan alƙali ya ce shaidun da ke gabansa ba su isa ba, ai bai ce ba a yi satar ba. Cewa ya yi a nemo wasu shaidun. Hukuncin Cohen a kan ZFC ya faɗa. Gödel da kansa, tun 1947, ya rubuta cewa sababbin ƙa'idoji ake buƙata, kuma yana ganin hasashen Cantor kuskure ne.

Shaidun farko da aka kira su ne manyan adadai, matakan rashin iyaka masu girman da ZFC ba ta iya tabbatar da samuwarsu. Mutane daban-daban suka ƙirƙiro su, kowa da dalilinsa, amma da aka auna ƙarfinsu sai suka jeru kusan kamar tsani guda. Son zuciya ba ya jeruwa haka. Kuma sun yi aiki: a ƙarshen shekarun 1980 Martin da Steel suka yi amfani da adadan Woodin aka warware tsofaffin tambayoyi kan aunin ɗigogin layi waɗanda ZFC ta yi shiru a kansu. Af, mai yi musu dariya alhali yana tantance hujjojinsa da manhajar Lean, ya sani ƙarfin harsashinta daidai yake da ZFC haɗe da ƙananan cikin waɗannan adadai. A kansu yake zaune.

Gaskiya ne ba su yanke hukunci kan tambayar Cantor ba. Levy da Solovay sun nuna haka a 1967. Shi ya sa aka juya ga ƙa'idojin tilastawa. Tunanin shi ne duniyar lissafi cikakkiya ce, ba a yi mata rowa ba: abin da dabarar Cohen za ta iya cusa mata, in bai ɓata tsari ba, to irinsa yana ciki tuntuni. A 1988 Foreman da Magidor da Shelah suka fitar da mafi faɗin irinta, Maƙurar Martin, suka nuna ba ta cin karo da kanta muddin akwai wani adadi mai tsananin girma. Amsarta: alif-biyu. Hugh Woodin ya biyo wata hanya dabam, ya fito da ƙa'idar da ake rubutawa da alamar tauraro. Ita ma alif-biyu. Shekara da shekaru ana shakkar ko biyun za su zauna inuwa guda, sai a 2021 David Asperó da Ralf Schindler suka tabbatar cewa wani ƙaƙƙarfan nau'in Maƙurar Martin shi ke haifar da ta Woodin. Matafiya biyu da ba su haɗa baki ba sun sauka gida ɗaya. A kowane fannin ilimi, wannan shaida ce.

Za a ce mana ai Woodin ɗin ya sauya sheƙa, yanzu yana gina wani tsari wanda hasashen Cantor gaskiya ne a cikinsa. Haka ne. Sai dai ya kafa tsarin nasa a kan wani hasashe da za a iya tabbatarwa ko a rusa, wanda mai cewa "kowa da ra'ayinsa" ba zai taɓa yi ba. Joel Hamkins, mai cewa duniyoyin lissafi da yawa ne, shi ma da hujjoji yake magana. Rigimarmu da masu ambaton sunansa ne don su huta da karatu.

Kuma abin ba a sama ya tsaya ba. A 1974 Shelah ya nuna matsalar Whitehead, tambaya ce ta aljabara zalla, ta fi ƙarfin ZFC. A 2019 Shai Ben-David da abokansa suka kawo wata matsala ta koyon na'ura wadda yiwuwar koyonta ya rataya a kan matakin da ɗigogin layi suke. Gidanmu ke nan wutar ta iso.

Mu dai muna gefen alif-biyu. Ranar da aka tabbatar da hasashen Woodin za mu sake zama mu duba hujjarsa layi-layi.