Allurar gwiwa: kafin ku turo kuɗi, ga abin da take yi da abin da ba ta yi

Da an gama kaka, ɗari ya fara shigowa, kukan tsofaffi a garuruwanmu ɗaya ne: gwiwa. Daga Kornaka zuwa Sabon Mashi har Birnin Lalle, sai ka ga tsohuwa ta dafa bango kafin ta tashi daga tabarma, dattijo kuma ya koma yin salla a zaune. Lokacin ne kuma ƴaƴansu da ke Libiya, Aljeriya ko Abijan ke turo bidiyo ta WhatsApp, wai akwai allurar da ake yi cikin gwiwa ciwo ya tafi, a kai Inna Maradi, za su turo kuɗin.

Niyya mai kyau ce, Allah ya saka. Amma a san abin da ake saye.

Ciwon da muke kira sanyin ƙashi, galibi ba sanyi ne ya kawo shi ba. Guringuntsin da ke rufe bakin ƙasusuwa ne ke cinyewa da shekaru da aikin ƙarfi, har ƙashi ya fara gogar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Wanda ya san yawan tulun ruwa da dammunan gero da iyayenmu mata suka ɗauka a rayuwarsu ba zai yi mamaki ba. Guringuntsin nan in ya cinye, babu allurar da aka tabbatar tana mayar da shi.

Wadda aka fi yi ita ce ta kortizon. Tana kwantar da kumburi, kuma gaskiya tana aiki: mutum ya samu sauƙi na ƴan makonni, wani ya kai wata biyu. Daga nan ciwo ya dawo, a ce a sake. To, nan ne matsalar take. A 2017 an fitar da wani bincike daga birnin Boston na Amurka kan mutum 140. Rabi ana yi musu kortizon duk wata uku har shekara biyu, rabi kuma ruwan gishiri kawai. Da aka auna, ciwonsu kusan ɗaya ne, amma guringuntsin masu kortizon ya fi cinyewa. Ga mai ciwon suga kuma, sugansa na iya hawa na kwanaki bayan allurar, don haka dole a faɗa wa likita tun kafin a yi.

Sai wadda ƴan talla ke kira “man gwiwa”, wato hayaluronik asid, mai kauri kamar yauƙin kuɓewa. Ta fi tsada sosai. A 2022 masana sun tattara gwaje-gwaje 169 da suka shafi mutum sama da 21,000, suka ga sauƙin da take kawowa kaɗan ne, bai kai wanda mara lafiya zai ji a jikinsa ba. Ta uku, PRP, jinin mutum ake ɗiba a tace a mayar cikin gwiwa. Gwajin da aka yi a Ostareliya kan mutum 288, wanda ya fito a 2021, bai nuna ta fi ruwan gishiri ba bayan shekara guda. A ganina, sayar da akuya don waɗannan biyun asara ce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba tsadar ba ce. Mu nan mun yarda da allura fiye da ƙwaya, kowa ya sani. In labari ya bazu cewa akwai ta gwiwa, ba za a rasa mai jakar magani a kasuwa da zai ce shi ma ya iya ba. Cikin gaɓa ba ɗuwawu ba ne. Ƙwayar cuta in ta shiga, gwiwa na iya yin ruɓa cikin kwanaki, mutum ya gurgunce ko ma ya rasa ransa. Wanda aka yi wa allura, gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, a nufi asibitin Dakoro ranar, kada a jira gobe.

Ba cewa na yi kortizon ba ta da amfani ba. Gwiwar da ta kumbura ta hana barci, likita ya duba ya ga ta dace, a yi ta sau ɗaya don mutum ya samu ya fara motsawa. Motsin ne magani mai daɗewa. Wani bincike na 2020 a Amurka kan mutum 156 ya nuna waɗanda aka koya wa motsa gaɓa da ƙarfafa cinya sun fi masu allura samun sauƙi bayan shekara. A zauna kan kujera, a miƙe ƙafa, a riƙe kaɗan, a sauke, safe da yamma. Ba a biyan ko dala.

Ƴan uwa na waje, kafin ku je Nita ko Al Izza, ku lissafa: kuɗin mota zuwa Maradi da dawowa, na ɗan rakiya, hoton ƙashi, masauki, allurar kanta. Ku fara da cewa a kai Inna CSI ko asibitin gunduma a tabbatar wane irin ciwo ne, a auna jini da suga. Ku tambaya ko tana shan diklofenak na ƴan talla kullum, don yana cin ciki da ƙoda a ɓoye. Sauran kuɗin, a saya mata sanda mai kyau da kujerar salla, a kuma biya mai amalanke ya riƙa kawo ruwa gida har damina ta faɗi.