SANIN DOKA: Ɓarnar gona bashi ce, duka kuwa laifi ne

Kaka ta yi. A ƙasar Madarunfa an yanke gero, amma wake da dawa suna gona tukuna. Garkunan da suka yi damina a arewa sun juyo kudu neman kara da ruwa. Suna ratsa ƙasar Safo, da Jiratawa, da Sarkin Yamma, da Gabi, wasu har iyakar Najeriya ta wajen Ɗan Isa. A irin wannan lokaci ne rigima ta fi tashi tsakanin manomi da makiyayi. Don haka ya kamata kowa ya san abin da doka ta ce kafin ransa ya ɓaci.

Doka iri uku ce

Ta farko ita ce dokar hakki tsakanin mutum da mutum. Ita ke duba bashi, da gado, da iyakar gona, da aure, da ɓarna. A nan biya ake nema, ba ɗauri ba.

Ta biyu ita ce dokar laifi. Ita ke duba sata, da duka, da sa wa daji wuta, da kisa. A nan hukuma ce da kanta ke ƙarar mai laifi. Hukuncinsa tara ne ko gidan kaso.

Ta uku ita ce babbar doka, wadda ake kira tsarin mulki. Ita ke faɗin ikon masu mulki, da ƴancin kowane ɗan ƙasa.

In dabba ta yi ɓarna

A ɗauka shanu sun shiga gonar wake, sun cinye rabi. Wannan magana ta dokar farko ce. Mai shanu ya ɗauki bashi, biya ne a kansa.

Mai gona kada ya taɓa makiyayi, kada ya sari dabba. Ya kira shaidu su ga sawu da ɓarnar tun da ɗanyenta. Sa'an nan ya tafi wurin maigari. Maigari zai kira mai dabbobi da ardonsa. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce a fara da sulhu, a gaban kwamitin da ya ƙunshi manoma da makiyaya daidai wa daida. Ana zuwa gonar a duba, a auna wurin da aka ci, a ƙiyasta dammi nawa ko tiya nawa aka rasa. Malamin gona da malamin dabbobi suna taimakawa wajen ƙiyasi. Abin da aka ɓata shi ake biya. Ba a ƙara kuɗin fushi a kai.

In an shirya, sai a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In ba a shirya ba, sai a hau wurin sarkin kanto ko sarkin Fulani. In nan ma ta ƙi, sai a rubuta takardar rashin sulhu, a kai wa alƙali a kotun Madarunfa. A maganar al'ada alƙali ba ya zama shi kaɗai. Akwai dattawa masana al'ada da ke zama tare da shi.

Abin lura: aikin sarakuna sulhu ne. Yanke hukunci da ɗaure mutum aikin alƙali ne. Wanda hukuncin alƙali bai gamshe shi ba yana da ikon ɗaukaka ƙara. Amma abin yana da wa'adi. Ya tambayi magatakardan kotu kwana nawa gare shi, tun ranar da aka yanke.

Makiyayi ma yana da hakkinsa. Burtali, da makiyaya, da hanyar mashaya ba gonar kowa ba ne, dukiyar jama'a ce a hannun hukuma. Manomin da ya shuka cikin burtali ya taka doka, kuma shi ya jawo wa kansa ɓarna. Haka kuma kowace shekara hukumar jiha ke sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar, makiyayi ya tsare dabbobinsa a burtali. Bayan ranar, manomi ya tabbata amfaninsa yana rumbu.

Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar ƙasar karkara. Ita ta kawo kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, a gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauyuka. Kofo ke shata burtali. Ita ke ba da takardar shaidar gona, ta gado, ko ta saye, ko ta aro, ko ta jingina. Mai takarda ya rage wa ƴaƴansa shari'a.

In hannu ya taɓa jiki

A koma ga gonar waken nan. A ce mai gona bai je wurin maigari ba, ya ɗauki sanda ya fasa kan yaron da ke kiwo. Ko kuma makiyayi ya zare takobi ya sari mai gona. Magana ta canza ke nan. Ta bar dokar hakki, ta shiga dokar laifi. Yanzu ba ta maigari ba ce, ta jandarmomi ce da mai gabatar da ƙara na gwamnati.

Nijar ta sami littafinta na dokar laifi ranar 15 ga Yuli 1961, an kuma sha yi masa gyara. Laifi hawa uku ne: ƙarami, da matsakaici, da babba. Kisa yana cikin manya. Satar dabbobi ma doka ta tsananta a kanta.

Ko wanda aka yi wa rauni ya ce ya yafe, hukuma tana iya ci gaba da ƙara, don laifi ya taɓa jama'a duka. In bai yafe ba, yana iya neman diyyar jininsa da kuɗin magani a gaban alƙalin. Mai gonar da ke bin bashin dammi goma sai ya koma shi ake bi, ga ɗauri a sama. Fushin rana ɗaya ya cinye noman shekara.

Jihar Maradi ta ga inda irin wannan fushi ke kaiwa. A watan Oktoba 1991, a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, rigimar manoma da makiyaya ta zama ramuwar gayya. Mutane fiye da 100 suka hallaka, akasarinsu mata da yara na Fulani, waɗanda ba su ci gonar kowa ba. Doka ba ta san ramuwar dangi ba. Laifin mutum a kansa yake shi kaɗai, ba a kan ƙauyensu ko rugarsu ba.

Babbar doka

Nijar mai ƴancin kai ta kafa tsarin mulkinta ranar 8 ga Nuwamba 1960. An sake wasu bayansa. Na ranar 25 ga Nuwamba 2010 ya ce ƴan ƙasa duka ɗaya suke a gaban doka, ran mutum abin tsarewa ne, dukiyarsa ma haka. An dakatar da shi bayan 26 ga Yuli 2023. Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ban da wannan, a 1986 Nijar ta amince da yarjejeniyar Afirka ta hakkin ɗan Adam. Yarjejeniyar ta ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Yana da ikon kāre kansa, da ikon ɗaukar lauya. Ta kuma ce ba a hukunta kowa sai wanda ya aikata.

Saboda haka wanda aka kama yana da hakki. Ba a dukansa. Ga laifi na yau da kullum, jandarmomi suna tsare mutum awa 48 don bincike. Ƙari a kan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara. Wanda bai ji Faransanci ba ya nemi tafinta. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Talakan da ba shi da kuɗin lauya ya tambaya a kotu: tun 2011 gwamnati ta kafa hukumar taimakon marasa hali a wajen shari'a.

Abin riƙewa

Ɓarna: a kira shaidu, a je wurin maigari, a rubuta sulhu.

Rauni ko sata: a sanar da jandarmomi, kada a rama.

Gona da burtali: a je wurin Kofo tun kafin shuka.

Manomi yana bukatar taki da nono, makiyayi yana bukatar kara da hatsi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan fili, a dandali da ruga, kafin ranar sakin gonaki.